Bayani A Kan Ciwon Ƙofar Tumbi Da Ke Sa Jarirai Amai

Wannan bayani ne a kan wani ciwo na jarirai wanda mutane da yawa sun gan shi da idonsu, wasu ma sun binne ɗa sabo da shi, amma ba su taɓa jin sunansa ba, balle su san yana da magani.

Unguwar Romi tana kudancin Kogin Kaduna, cikin ƙasar Chikun, ba ta da nisa da Television da Sabon Tasha da Gonin Gora. Asalin ƙasar ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, amma yanzu kabilu iri iri ke zaune a cikinta, Hausa ce harshen da a ke ciniki da shi. A nan, kamar a sauran unguwannin Kaduna, ga yadda al'amarin kan faru. A kan haifi yaro lafiyayye, a yi suna ran bakwai, a yanka rago, kowa ya watse da murna. Mako biyu, mako uku, yaro na shan nono yana barci. Sai wata rana uwa ta gama ba shi, ta ɗaga shi a kafaɗa, nonon ya dawo. Kaka ta ce tumbuɗi ne, kowane jariri na yi. Gaskiyarta kuwa, domin tumbuɗi ba ciwo ba ne. Amma bayan kwana uku ko huɗu sai abin ya sake kama. Nonon ya daina gangarowa ta gefen baki, ya koma feshi, ya tsallake cinyar uwa ya faɗa a tabarma, wani lokaci ya kai zira'i biyu. Abin mamaki, da yaron ya gama amai sai ya shiga laluben nono da kuka, kamar wanda bai taɓa sha ba. A ba shi, ya sha da haɗama, ya sake fesowa.

Daga nan a ke shiga zagaye. Wata ta ce nonon uwar ne ya ɓaci, a ba ta saiwa ta sha. Wata ta ce beli ne, a kira wanzami. Uban ya biya ta kantin magani ya sayo ruwan kwalba na kumburin ciki. A kai yaron wurin malam a yi masa tofi, a karɓo rubutu. Ana cikin wannan har a yi arba'in, yaron da aka haifa da kumatu ya koma kamar tsoho, fata ta yi yaushi, ido ya zurma, maɗiga ta lotsa.

To, mene ne a cikin cikinsa? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya san tumbi jaka ce mai baki biyu, ɗaya a sama inda abinci ke shiga, ɗaya a ƙasa inda ya ke fita zuwa hanji. Wannan baki na ƙasa yana da zoben tsoka kewaye da shi, ya kan buɗe ya bar abinci ya wuce kaɗan kaɗan, sa'an nan ya rufe. Malaman ɗibbu na Larabawa suna kiransa albawwabu, watau mai gadin ƙofa, sunan da Turawa ke kiransa da shi ma daga harshen Yunanawa ya fito, ma'anarsa ke nan. Ga wasu jarirai, a makonnin farko bayan haihuwa, wannan tsoka ta kan yi ta kauri tana tsawo har ta matse hanyar, ta bar ɗan rami kamar kafar allura. Tumbi ya cika da nono, ya yi ta yunƙurin turawa, ƙofa ta ƙi, sai ya mayar da kayan ta inda suka shigo, da dukan ƙarfinsa. Dalilin feshin ke nan. Dalilin yunwar kuwa a fili ya ke, domin hanji ne ke tsotse amfanin abinci, abincin kuwa bai kai gare shi ba. Larabawan yanzu suna ce wa ciwon tadayyuƙul bawwabi, ƙuncin mai gadin ƙofa.

Ba a haihuwar yaro da alamarsa. Galibi ya kan bayyana tsakanin mako na biyu da na takwas, ya fi yawa daga na uku zuwa na shida, kuma da wuya ya fara bayan wata uku. Maza sun fi mata kamuwa, kamar huɗu bisa ɗaya. A ƙasashen Turai a kan sami jariri 2 zuwa 4 cikin kowane 1,000, a Afirka da Asiya bai kai haka yawa ba. Yana bin jini, musamman idan uwa ce ta yi shi tana jaririya. An kuma lura ya fi samun ɗan fari.

Wannan magana ta ɗan fari tana da nauyi a ƙasar Hausa. Yarinyar da ta yi haihuwar fari sau da yawa tana gidan iyayenta wurin wankan jego, ga kunyar ɗan fari, ba ta iya buɗe baki gaban manya ta ce ɗana ba shi da lafiya. Ita ce ke ganin aman dare da rana, amma ba ita ke da magana ba. Magana tana hannun kaka da gwaggo, waɗanda suka goyi yara goma, suka ga tumbuɗi iri iri bai kashe kowa ba. Uban kuma yana kasuwa, ko yana kan hanyar Ikko da kaya, labari ne kawai ke iske shi. Ta haka a ke ɓatar da mako biyu ko uku ba da mugun nufin kowa ba.

Bambanta tumbuɗi da wannan amai ba ya bukatar karatun likita. Mai tumbuɗi yana ƙiba, yana jiƙa zane sau shida ko fiye a yini, yana kashi yadda ya saba. Mai ƙuncin ƙofa kuwa aman ƙaruwa ya ke yi kullum, fitsari na raguwa yana yin ja, kashi ya ɗauke ko ya zama ɗan kaɗan, nauyinsa ya tsaya sa'an nan ya soma komawa baya. Lafiyayyen jariri ya kan mayar da nauyin haihuwarsa cikin mako biyu, daga nan ya riƙa ƙara kamar giram 150 zuwa 200 kowane mako, sabo da haka katin awo da a ke ba uwa wurin allurar rigakafi shaida ne babba, a tafi da shi asibiti. Akwai kuma wata alama da ido ke gani. Idan aka kwance masa riga bayan ya sha nono, aka kwantar da shi inda akwai haske, a kan ga wani tudu yana tafiya ƙarƙashin fata daga hagu zuwa dama, ya ɓace, wani ya biyo. Tumbi ne ke kokawa da ƙofa.

A lura da launin aman ƙwarai. Na wannan ciwo fari ne, nono ne tsantsa ko wanda ya tsinke kamar kindirmo, wani lokaci in an daɗe ya kan zo da ɗigon baƙi baƙi na jinin da ya kwana. Ba ya zama kore, domin ruwan maɗaciya a bayan ƙofar ya ke zubowa cikin hanji, ba shi da hanyar hawowa. Idan aka ga aman jariri kore shar kamar ruwan ganye, wannan wani ciwo ne dabam, mai yiwuwa hanji ne ya murɗe, kuma lissafinsa na sa'o'i ne. Ko tsakar dare ne a fita da shi. Haka nan amai tare da zafin jiki, ko jaririn da ya ƙi kama nono ya yi laƙwas.

Wanda ya fara bayyana ciwon filla filla shi ne Harald Hirschsprung, likitan yara a Kofanhegan ta ƙasar Danmak, cikin 1888, zamanin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba. Jarirai biyu ya gani, duka suka rasu, ya duba tumbinsu ya tarad da ƙofar ta yi kauri. Bayan an san ciwon sai aka rasa yadda za a yi da shi. Likitocin fiɗa suka gwada huda tumbi su haɗa shi da hanji ta wata hanya, su kewaye ƙofar, amma aikin ya yi wa jariri nauyi, kusan rabin waɗanda aka yi wa ba su tashi ba. Cikin 1907 wani Bafaranshe, Pierre Fredet, ya kawo dabarar tsaga tsokar kaɗai ba tare da an huda fatar ciki ta ƙofar ba, sa'an nan a ɗinke ta a gicciye don ta yi faɗi. Sai 1911, shekarar da dogo ya isa Kano, wani Bajamushe a garin Munsta, Conrad Ramstedt, yana cikin wannan aiki, ya tsaga tsokar, ya zo ɗinki, zare ya yi ta yanka naman ya ƙi kamawa. Ya duba ya ga ai tsagar da kanta ta riga ta buɗe hanya. Yaron ya warke. A yaro na biyu sai ya tsaga ya bari da gangan, bai ɗinka ba, shi ma ya warke. Ya buga labarin cikin 1912, kuma har yau aikin da a ke yi ke nan a duniya duka, da sunansa a ke kiransa. Ga shi dai taƙaitawa ce ta fi ƙari amfani, abin da masu sana'a da yawa ba su son ji.

A asibiti likita ya kan fara da tambaya da hannu. Ya sa uwa ta ba yaron nono, ya zauna gefensa, ya ɗora yatsu a saman ciki wajen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ya jira har cikin ya saki. In Allah ya sa an dace sai ya ji wani ɗan ƙullutu mai tauri yana zillewa ƙarƙashin yatsa. Turawa suna kamanta shi da ɗan zaitun, mutumin kudancin Kaduna zai ce ɗan atile, girmansu kusan ɗaya. Likitocin dā da wannan kaɗai su ke yanke hukunci, su kan yi rabin sa'a suna lalube. Tun 1977, lokacin da wasu likitoci biyu a Amurka, Teele da Smith, suka nuna ana iya ganin ƙofar da na'urar sikanin, irin wadda a ke duba masu ciki da ita, aikin ya yi sauƙi. Ba ta da zafi, ba ta huda fata. A kan auna kaurin tsokar, in ya kai milimita 3 ko ya wuce, watau kamar ƙwayar dawa, tsawon hanyar kuma ya kai kamar milimita 15, an tabbatar. Amma fa ba kowane ɗakin sikanin na bakin titi ke iya wannan ba, domin kan na'urar da a ke ɗora wa jariri dabam ne da na masu ciki, kuma sai idon da ya saba. In aka kawo takarda ta ce ba kome, yaro kuwa yana ci gaba da feshi, a koma wurin likitan yara a sake. Inda aka yi shakka a kan ba yaron wani farin ruwa ya sha a ɗauki hoton eksire, a ga ko yana wucewa.

Yanzu ga wurin da iyaye suka fi yin fushi da likita, kuma a nan ne suka fi bukatar wanda zai fahimtar da su. An tabbatar da ciwo, an ce sai tiyata, amma sai a kwantar da yaro, a hana shi nono, a zura masa siririyar roba ta hanci, a ɗaura ƙarin ruwa, a yi ta ɗibar jini. Kwana ɗaya, kwana biyu, wani har uku ko fiye, ba a shiga da shi ba. Uba ya fara zaton kuɗi a ke jira, ko an manta da su. Kaka ta ce yunwa za ta ƙarasa shi, a tattara a koma gida.

Hikimar jinkirin ita ce wannan. Ruwan da tumbi ke narka abinci da shi mai tsami ne ƙwarai, a cikinsa akwai wani gishiri da a ke kira kulorayid. Yaron da ya yi makonni yana amai ya zubar da tsamin jikinsa da wannan gishiri, ƙodarsa kuma wurin ƙoƙarin riƙe ruwa ta zubar da wani gishirin, fotasiyam, wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai. Sai jini ya karkata ya koma ɓangaren kanwa. Kowace mace ta san in aka jefa kanwa cikin tsami ya kan mutu, to jinin wannan yaro ya zama kamar miyar da kanwa ta yi wa yawa. Jinin da ya ke haka yana rage wa jariri ƙwazon numfashi, in aka ba shi maganin barci a wannan hali yana iya ƙin farfaɗowa da numfashinsa. Ƙofar kanta ba ta kisa cikin kwana biyu, bushewar jiki da rikicewar gishirin jini su ke kisa. Sabo da haka a ke fara gyara jini da ruwan gishiri da sukari ta jijiya, a ƙara fotasiyam bayan an ga ya yi fitsari, a yi ta awo har lissafi ya daidaita. Yaron da a ke wa ƙarin ruwa ba ya mutuwa da yunwa ko da bai sha nono ba. Likitocin Zariya sun daɗe da sanin wannan, tun 1992 ɗaya daga cikinsu, Paul Nmadu, ya buga nazari a kan gishirin jinin jariran Nijeriya masu wannan ciwo. Tsawon jinkirin kuwa gwargwadon daɗewar da aka yi a gida ne. Wanda aka kawo cikin makon farko na aman sau da yawa jininsa bai ɓaci ba tukuna.

Daga wannan bayani mai hankali zai gane illar ɗura wa irin wannan yaro ruwan kanwa ko jiƙon da aka sa wa kanwa. Ko ruwan gishiri da sukari na sha, wanda ya ceci yara masu gudawa ba iyaka, a nan ba ya wadatarwa, domin shi ma a bakin ƙofar zai tsaya. Cire beli kuwa ba abin da zai ƙara sai zubar da jini da buɗe wa ƙwayar cuta hanya, ga jikin da ba shi da abin asara.

Aikin kansa gajere ne, galibi ba ya kai sa'a guda. A sa yaron barci, a yi ɗan yanka a saman ciki wajen dama, ko a bi lanƙwasar cibiya yadda tabon zai ɓuya, dabarar da Tan da Bianchi suka kawo a Ingila cikin 1986. A fito da ƙofar, a tsaga tsokar a tsaye, a buɗa ta har fatar ciki ta bullo, a mayar, a ɗinke ciki. Ba a yanke kome a jefar, ba a sa wani ƙarfe a ciki. Tun 1991 a Faransa aka soma yinsa ta ƙananan huji da madubin leƙe. Bayan 'yan sa'o'i a kan mayar da shi ga nono kaɗan kaɗan. Yana iya yin ɗan amai kwana ɗaya ko biyu, wannan ba abin tsoro ba ne, tumbin da ya wahala ne ke komawa hayyacinsa. Da yawa a kan sallame su cikin kwana biyu ko uku. Inda a ke kawo yara da wuri, mutuwa a wannan aiki ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma da wuya ciwon ya dawo. Akwai wani magani, atirofin, da wasu likitoci musamman a Jafan ke bayarwa don tsokar ta saki, amma yana ɗaukar makonni ƙarƙashin kulawar asibiti, kuma ba ya ci ga kowa, sabo da haka a kan ajiye shi don wanda ba za a iya yi wa aiki ba.

Mutumin Romi ba ya rasa inda zai fara. Akwai babban asibitin gwamnati a Sabon Tasha, akwai na Gwamna Awan da na Saint Gerard a wajen Kakuri. Abin da za a nema a nan shi ne a duba yaron, a sa masa ruwa in ya bushe, a rubuta takardar tura shi gaba in aikin ya fi ƙarfin wurin. Tiyatar jaririn wata guda tana son likitan fiɗa na yara da mai ba da maganin barci wanda ya saba da jarirai, irin waɗannan kuwa a asibitocin koyarwa aka fi samunsu. In aka haye gadar kogi akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, mai ɗauke da sunan likita na farko ɗan Arewa. Gaba kuma, tafiyar kamar kilomita 80, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, wanda sashensa na tiyatar yara ya daɗe da yin suna. A je da safe, a je da katin awo, kuma a bar uwar ta yi bayani da bakinta, ita ta san ranar da aman ya fara da yadda ya ke fita.

Akwai magana ta musamman ga masu sayar da magani da masu sararsa. Cikin 1999, a garin Noksibil na Amurka, aka ba jarirai sababbin haihuwa wajen 200 maganin da a ke kira eritiromaisin don kare su daga tarin shiƙa, sai 7 daga cikinsu suka kamu da ƙuncin ƙofar tumbi, adadin da ya zarce na al'ada nesa ba kusa ba. Bincike na baya ya tabbatar da haɗarin ya fi tsanani in an ba da shi cikin mako biyu na farko, kuma ɗan'uwansa azitiromaisin ma yana da irin wannan. Likita ya kan ba da su in larura ta kama, yana sane, yana kuma gargaɗin iyaye. Amma miƙa kwalbarsa ta kan kanta ga uban da ya ce jaririnsa na tari, wannan ciniki ne da ribarsa ba ta kai nauyinsa ba. An kuma lura ciwon ya fi yawa ga jariran da a ke ba madarar gwangwani a kwalba, da waɗanda iyayensu mata suka sha taba suna da ciki. Nonon uwa dai ba shi da laifi a wannan ciwo, raba yaro da shi ba ya gyara kome.

Malamai kuwa, zaurensu ne a kan fara kai jaririn kafin ƙofar asibiti, kuma maganar da kaka ba za ta karɓa daga bakin yarinya ba za ta karɓa daga bakinsu. Sun fi kowa sanin umarnin shari'a game da neman magani da kiyaye rai. Malamin da aka miƙa wa jaririn wata guda, ya ga maɗiga ta lotsa, in ya yi tambaya uku, yaushe aman ya fara, feshi ya ke yi ko gangarowa, wane launi ne, sa'an nan ya yi addu'arsa ya ce a wuce asibiti yau, ba wanda zai musa masa. Rubutun ma ya fi kyau a shafa masa, ko uwa ta sha, domin ɗura ruwa ga jaririn da tumbinsa ke cike yana iya sa ya shaƙe, aman ya faɗa huhu.

Yaron da aka yi wa aikin ya kan mayar da jikinsa da sauri har a yi mamaki, cikin wata guda kumatu sun dawo. Zai ci tuwo, zai yi azumi, zai ɗauki kaya kamar kowa, ba a hana shi wani abinci. Abu ɗaya ya rage a kan iyaye, in ya girma su gaya masa asalin tabon da ke cikinsa, mace ce kuwa su fi nanatawa, domin ranar da aka haifa masa nasa ɗan fari ya soma amai a mako na uku, a san abin da za a gaya wa likita.